Nata'ala, mutumin da aka gani a gindin ɓaure

Tambaya: Baba Fasto, barka da aiki. Ɗana na fari sunan kakansa ya ci, Bartalamawas, a gida Babangida muke ce masa. Yanzu shekararsa 11, ya fara tambayata me mai sunansa ya yi, tunda a makarantar Lahadi kullum labarin Bitrus da Yahaya da Bulus suke ji. Na duba Littafi Mai Tsarki ban ga komai ba sai sunan a cikin jeri. Wata a zumuntar mata ta ce mini shi ne Nata'ala. In haka ne, abin ya ƙara ɗaure mini kai. Mutumin da ya raina garin Yesu, yaya kuma Yesu zai yabe shi?

Amsa: Sannu 'yata, Allah ya raya mana Babangida. Tambayarki biyu ce a haɗe, ta biyun kuma ta fi nauyi, don haka bari in sallami ta farkon tukuna.

Idonki bai ruɗe ki ba. Sunan Bartalamawas sau 4 kaɗai ya fito a Sabon Alkawari, duka kuwa a jerin sunayen manzanni: Matiyu 10:3, Markus 3:18, Luka 6:14 da Ayyukan Manzanni 1:13. Ba a rubuta ko kalma ɗaya da ya faɗa a ƙarƙashin wannan suna ba. Amma sunan da kansa yana ɗauke da labari. A Aramiyanci, harshen da Yesu da almajiransa suke magana da shi a gida da kasuwa, "bar" na nufin "ɗan". Bar-Talmai ke nan, ɗan Talmai, kamar yadda Yesu ya kira Bitrus Bar-Yona, kamar kuma makahon Yariko da Markus ya fassara mana sunansa, Bartimawas ɗan Timawas. Mu ma mun san irin wannan. Ana cewa Ɗan Fodiyo kowa ya gane, amma sunan yankansa Usman ne. To mutumin da ake kira ɗan Talmai, akwai sunan da aka raɗa masa shi kansa.

A nan Nata'ala ya shigo. Bisharar Yahaya ba ta taɓa ambaton Bartalamawas ba, sauran Bisharu 3 kuma ba su taɓa ambaton Nata'ala ba. A Matiyu da Markus da Luka, sunan Bartalamawas yana bin na Filibus kai tsaye, a Yahaya kuwa Filibus ne ya je ya kawo Nata'ala. Sannan a Yahaya 21:2 an lissafa Nata'ala a tsakiyar manzanni, tsakanin Toma da 'ya'yan Zabadi. Waɗannan ne hujjojin, kuma suna da ƙarfi. Sai dai babu ayar da ta ce a fili su mutum ɗaya ne, haɗin ma bai zama ruwan dare da wuri ba. A rubuce, ana samunsa wajen Ishodad na Merv, wani bishof na ikkilisiyar Gabas a ƙarni na 9, sannan a Turai wajen Rufat na Doyits, wani malamin ikkilisiya, a ƙarni na 12. Agustin, bishof na Hippo, wanda ya rasu a 430, shi gani ya yi Nata'ala ba ya cikin sha biyun sam, wai don masanin Attaura ne, Yesu kuwa marasa ilimi ya zaɓa domin ya kunyata masu hikima. Ina girmama Agustin ƙwarai, amma a nan ban bi shi ba. Matiyu mai karɓar haraji ai ya iya alƙalami da lissafi, bai kuwa hana a kira shi ba. Ni dai ina tare da 'yar'uwarki ta zumuntar mata: Nata'ala ɗan Talmai, mutum ɗaya. Ki gaya wa yaron haka, ki kuma gaya masa cewa wannan fahimtar masana ce wadda ta fi rinjaye. Ma'anar Nata'ala a Ibrananci ita ce "Allah ya bayar", abin da mu za mu ce Kyauta.

Yanzu ga labarin kiransa, a Yahaya 1:43-51. Ki buɗe wurin ki ajiye a gabanki.

Abu na farko da nake so ki lura da shi, Yesu bai taɓa ce wa Nata'ala "Bi ni" ba a cikin nassin. Filibus aka ce wa haka. Filibus mutumin Betsaida ne, garin su Andarawas da Bitrus a bakin Tekun Galili, da aka kira shi kuwa bai iya riƙe abin a cikinsa ba, ya tafi neman abokinsa. Kira ya iso wa Nata'ala ta bakin aboki, a rana irin ta kullum, ba murya daga sama, ba wahayi. Yawancinmu ma haka ya iso mana, ta bakin uwa ko maƙwabci ko abokin aji. Filibus ya ce masa sun sami wanda Musa ya rubuta labarinsa a Attaura, annabawa ma suka rubuta, wato Yesu ɗan Yusufu, na Nazarat. Yadda ya buɗe maganar ya nuna ya san mutuminsa. Ba da labarin mu'ujiza ya zo masa ba, da Musa da annabawa ya zo, domin Nata'ala mutum ne da ke zaune da Littattafai yana jira.

A Helenancin da aka rubuta Bisharar da shi, kalmar ƙarshe a bakin Filibus ita ce "Nazarat", kalmar farko mai nauyi a bakin Nata'ala kuma ita ce "Nazarat". Kamar ya bar duk maganar ta wuce, ya cafke wutsiyarta. "Daga Nazarat? Wani abin kirki zai iya fitowa daga can?"

Don a yi masa adalci, sai a san mece ce Nazarat a lokacin. Ƙauye ne a kan tudu, masu tonon kufai suna ƙiyasta mutanensa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Babu sunansa ko sau ɗaya a Tsohon Alkawari. Yosifus, masanin tarihin Yahudawa na ƙarni na 1, ya jagoranci mayaƙa a Galili, ya ambaci garuruwanta da yawa a rubuce-rubucensa, har ya ce ya taɓa zama a Kana, amma bai ambaci Nazarat ba. Kana ɗin nan kuwa ita ce garin Nata'ala, Yahaya 21:2 ya faɗa. Wurare 2 ake nunawa yau a matsayin Kana ta dā, Kafar Kanna mai nisan kamar kilomita 6 daga Nazarat, da kufan Kirbet Kana mai nisan kamar kilomita 13. Ko wanne ne, tafiyar ƙafa ce ta 'yan sa'o'i. Nata'ala ya san Nazarat sanin maƙwabta, ya san gonakinta da mutanenta. Wasu masu fassara suna ɗaukar maganarsa kamar irin wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi. Mai yiwuwa akwai ɗan wannan a ciki, amma ban ga alamar wasa yake yi ba. Mutumin da ya san Mika 5:2 ya san daga Baitalami ta Yahudiya aka ce mai mulkin zai fito. Yahaya Kirisostom, sanannen mai wa'azi na ikkilisiyar dā wanda ya rasu a 407, a kan wannan ya tsaya, ya ce taka-tsantsan ne na mai sanin Littafi. Wannan gardama ta sake tashi a Urushalima a Yahaya 7:41-42, inda jama'a suka ce ashe Almasihu daga Galili zai fito, ba daga Baitalami garin Dawuda ba?

Duk da haka ba zan wanke shi tas ba. Bai tsaya a kan cewa Almasihu ba zai fito daga Nazarat ba, cewa ya yi "wani abin kirki". Wannan raini ne, irin wanda muka sani sarai, inda ake jin sunan garin mutum ko ƙabilarsa a yanke masa hukunci kafin ya buɗe baki. Abin da ya faɗa kuskure ne. Yesu kuwa ba kuskuren ya yaba ba.

Filibus bai ja da shi ba. Ba shi ma da amsar, don da alama shi kansa bai san zancen haihuwa a Baitalami ba tukuna. Abin da ya ce kawai, "Zo ka gani." Maganar da Yesu ya yi wa Andarawas da abokinsa ke nan a aya ta 39, ta riga ta zama yaren gidan. Gani ya kori ji. A nan ne halin Nata'ala ya fito fili: ya tashi ya bi shi. Ga raini a bakinsa, ga ƙafarsa a hanya. Mutum nawa ne za su furta irin wannan magana sannan su yarda su je inda za a iya ƙaryata su?

Yesu ya hango shi yana zuwa, sai ya ce wa na kusa da shi, "Ga Ba'isra'ile na gaske, wanda ba shi da ha'inci." Wannan ita ce zuciyar tambayarki, zan daɗe a kanta.

Kin san ha'inci a kasuwa. Kwandon tumatir, manya jajaye masu sheƙi a sama, kin biya kin kai gida kin juye, sai ga ruɓaɓɓu a ƙasa suna tsiyaya. Ko mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki. Ko nonon da aka tsinka da ruwa. Abin da ido ya gani daban, abin da ke ciki daban. Kalmar Helenancin ita ce "dolos", tun asali kuwa ana amfani da ita ga abin da masunci yake sa wa ƙugiya, kamar tanar da ke rufe ƙarfe, kifi ya ga abinci alhali mutuwa ce. Yesu cewa yake yi wannan mutum ba ƙugiya a cikin maganarsa. Abin da ke saman kwandonsa shi ne a ƙasa. Bai ce ba shi da zunubi ba, bai ce ra'ayinsa daidai ne ba. Ya ce ba shi da ciki biyu.

Me ya sa ya ce "Ba'isra'ile"? A duk Bisharu 4, nan kaɗai kalmar ta fito. Duk Bayahuden da ke tsaye a wurin zai tuna wanda aka fara kira Isra'ila, wato Yakubu. Ki tuna Farawa 27. Ishaku ya tsufa idonsa ya dushe. Rifkatu ta ɗauki tufafin Isuwa ta sa wa Yakubu, ta rufe masa hannuwa da wuya da fatun 'yan awaki don ya yi gashi kamar wansa. Tsohon ya shafa ya ce murya muryar Yakubu ce, amma hannuwa na Isuwa ne, ya sa masa albarka. Da Isuwa ya dawo daga farauta, Ishaku yana rawar jiki ya ce masa, ɗan'uwanka ya zo da ha'inci ya karɓe albarkarka. A tsohuwar fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari, kalmar da ke Farawa 27:35 ita ce wannan "dolos" ɗin. Shekara 20 Yakubu ya yi a gidan Laban, ana cutarsa yana ramawa, sai a mashigin Yabbok, bayan kokawar dare guda, aka sauya masa suna ya zama Isra'ila, ya fita yana ɗingishi. To da Yesu ya dubi Nata'ala, kamar cewa ya yi ga Isra'ila wanda ba sauran Yakubu a cikinsa. Annabi Zafaniya ya yi alkawarin irin waɗannan mutane a 3:13, ringin Isra'ila waɗanda ba za a sami harshen yaudara a bakinsu ba. Zabura 32:2 kuma ta ce mai albarka ne wanda babu yaudara a ruhunsa, kuma ki lura, Zabura ce ta mai zunubin da ya daina ɓoye laifinsa. Marar ha'inci a Littafi Mai Tsarki shi ne wanda ya daina rufa-rufa a gaban Allah.

Na taɓa ganin wannan hali da idona. Shekarun baya aka turo wani matashin mai bishara wata ikkilisiyar da nake kula da ita, daga wata ƙaramar ƙabila ta kan dutse wadda mutanen wurin ba sa ɗauka da daraja. A taron dattawa kowa ya yi murmushi ya ce madalla. Dattijo ɗaya ne, manomi, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa ya ce, "Fasto, ni fa zuciyata ba ta kwanta ba. Mutanen nan ban taɓa ganin malami a cikinsu ba." Ɗakin ya yi tsit, na ji kunya ta kama ni saboda shi. Amma ran Lahadi shi ne a bencin gaba. Ya bi yaron gona, ya bi shi gaisuwar mutuwa, ya ji yadda yake yi wa marasa lafiya addu'a. Bayan wata 3 ya miƙe a wannan taron dattawan, a gaban mutanen da suka ji maganarsa ta farko, ya ce ya yi kuskure, a yafe masa. Waɗanda suka wahalar da yaron daga baya, har ya kusa barin aikin, suna cikin masu madallar nan ta ranar farko. Tun daga lokacin na daina mamakin yabon da Yesu ya yi wa Nata'ala. Shakkar da aka furta ana iya amsa ta. Wadda aka lulluɓe da murmushi kuwa ba mai iya kai mata magani.

Sai dai in ja kunne a nan, don na sha jin ana fakewa da Nata'ala. Akwai masu cewa "ni ba na ɓoye magana", suna yanka mutane da harshe, su ce gaskiya ce. Wannan ba halinsa ba ne. Alamar marar ha'inci ita ce yana riƙe gaskiya ko da ta juyo kansa. Da bakin da ya ce ba abin kirki a Nazarat, da shi ya ce wa Banazaren "Sarkin Isra'ila", a rana ɗaya, a gaban abokin da ya ji ta farkon. Bai tsaya kare girmansa ba.

Dubi ma yadda ya karɓi yabon. Wani zai sunkuyar da kai ya ce a'a, wane ni, alhali zuciyarsa tana fari. Shi kuwa tambaya ya yi kai tsaye: "A ina ka san ni?" Yesu ya ce, "Tun kafin Filibus ya kira ka, sa'ad da kake gindin ɓaure, na gan ka."

Ɓauren ƙasar Falasɗinu bai kai namu girma ba. Gajere ne, ganyensa faffaɗa kamar tafin hannu, rassansa suna sunkuyowa har kusa da ƙasa, mutum ya shiga ƙarƙashinsa kamar ya shiga ɗaki. A gidajen da iyali duka ke kwana a ɗaki guda, nan ne wurin kaɗaita. Littattafan malaman Yahudawa na baya suna nuna malamai suna karatu a inuwarsa. A Tsohon Alkawari kuma, zaman mutum a gindin kurangar inabinsa da ɓaurensa hoto ne na salama: haka aka kwatanta zamanin Sulemanu a 1 Sarakuna 4:25, haka Mika 4:4 ya kwatanta kwanaki masu zuwa. Wadda ta fi taɓa ni ita ce Zakariya 3:8-10, inda Allah ya ce zai kawo bawansa mai suna Reshe, ya kawar da laifin ƙasar a rana ɗaya, a ranar kuwa kowa zai gayyaci maƙwabcinsa zuwa gindin inabi da ɓaure. Ga Filibus ya zo ya kira maƙwabcinsa a gindin ɓaure. Agustin shi kuma ganyen ɓauren da Adamu da Hawwa'u suka ɗinka suka rufe tsiraicinsu ya tuna, ya ce Yesu ya gan mu tun muna ƙarƙashin inuwar zunubi.

Yahaya bai faɗi abin da Nata'ala yake yi a wurin ba, ina kuma ganin da gangan ya bar shi. Sirri ne tsakanin mutum biyu. Abin da ke bayyane shi ne maganar ta same shi a inda ba wanda ya taɓa kaiwa. Hausawa suna cewa mai son shan ɓaure ba ya tona cikinsa, don in ka buɗe za ka ga ƙwari. Haka muke zaune da juna, kowa yana tsoron ranar da za a tona nasa cikin. Nata'ala ya gamu da wanda ya riga ya buɗe cikinsa ya duba, ya ga rainin, ya ga jiran, ya ga addu'ar da ba a yi da ƙarfi ba, sannan ya karɓe shi da yabo. Wannan ne ya karya shi.

"Ya Shugaba, kai ne Ɗan Allah, kai ne Sarkin Isra'ila." Sunayen nan biyu tare suke tafiya a Zabura 2:6-7 da kuma alkawarin da aka yi wa Dawuda a 2 Sama'ila 7:14, don haka abin da yake nufi shi ne kai ne Almasihun da muke jira. Ayoyi 2 kacal bayan wancan alkawari na Zafaniya game da marasa yaudara, a 3:15, an ce Sarkin Isra'ila, Ubangiji, yana tsakiyarki. Ba'isra'ile na gaske ya gane Sarkinsa.

Yesu bai bar shi a nan ba. Ya ce masa, don na ce na gan ka a gindin ɓaure ka ba da gaskiya? Za ka ga abin da ya fi haka. Akwai gyara a cikin wannan magana, mai taushi. Mutum mai saurin zuciya irin Nata'ala, da sauri ya ƙi, da sauri ya yarda, bangaskiyarsa kuwa tana bukatar gindin da ya fi mamakin rana ɗaya. Sai Yesu ya juya daga "kai" zuwa "ku", ya haɗa da duk masu sauraro, ya buɗe da "Hakika, hakika", karo na farko cikin sau 25 da wannan lafazi ya zo a Bisharar Yahaya. Ya ce za ku ga sama a buɗe, mala'ikun Allah suna hawa suna sauka a kan Ɗan Mutum. Yakubu ne kuma. Farawa 28, yana gudun fushin Isuwa, dare ya yi masa a daji, ya yi matashi da dutse, ya yi mafarkin tsani daga ƙasa har sama, mala'iku suna hawa suna sauka. Da ya farka ya ce, hakika Ubangiji yana wurin nan, ni kuwa ban sani ba. Ya sa wa wurin suna Betel, ɗakin Allah. Wannan furuci na Yakubu ya dace da bakin Nata'ala dab. Shekara da shekaru ƙofar sama tana ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasa, tana aikin sassaƙa, shi kuwa bai sani ba.

Alkawarin bai daɗe ba ya fara cika. Sura ta 2 ta buɗe da biki a rana ta uku, a Kana, garin Nata'ala. A nan aka cika randunan dutse 6 da ruwa ya zama ruwan inabi, alamar Yesu ta farko, almajiransa kuma suka ba da gaskiya gare shi. Alama ta biyu ma, warkar da ɗan wani bafade, daga Kana aka furta ta, a Yahaya 4:46-54. Abin kirkin da ya fito daga Nazarat har gida ya biyo shi.

Abin da ya faru da shi bayan zamanin Sabon Alkawari, a al'adar ikkilisiya ake samunsa, ki kuma riƙe shi a matsayin al'ada. Yusebiyus, mai tarihin ikkilisiya a farkon ƙarni na 4, ya rubuta cewa Fantenus, malamin Iskandariya a ƙarshen ƙarni na 2, ya je Indiya ya tarar da Bisharar Matiyu da haruffan Ibrananci, aka ce masa Bartalamawas ne ya bar ta. A wancan zamani "Indiya" tana iya haɗawa da kudancin Arabiya. Ikkilisiyar Armeniya kuwa tana ɗaukar shi da Tadawas a matsayin waɗanda suka kafa ta, kufan gidan ibadar da aka gina da sunansa yana nan kusa da Bashkale a lardin Van na Turkiyya. Al'adar da ta fi yaɗuwa ta ce a can aka kashe shi, aka feɗe fatarsa da ransa. Shi ya sa masu zane suke nuna shi riƙe da wuƙa, Mikelanjelo ma a zanen Ranar Shari'a da ya gama a 1541 a Batikan ya nuna shi riƙe da fatar jikinsa da aka feɗe, majema da dukawan Turai kuma suka ɗauke shi waliyyin sana'arsu. Duk lokacin da na tuna wannan, Yakubu nake tunawa. Shi ya yafa fatar da ba tasa ba don ya sami albarka. Wannan kuwa, in al'adar ta tabbata, tasa ya bari aka cire don kada ya musanci abin da ya faɗa a ranar farko. Ikkilisiyoyin Yamma suna tunawa da shi ran 24 ga Agusta.

In kin sami hali, ki kai Babangida Wusasa, a bayan Zariya. Akwai tsohuwar majami'ar Angilikan mai sunan Bartalamawas, an gina ta a 1929 da ƙasa, ginin maginan Hausa. Tana cikin tarihin aikin mishan na Dokta Walta Mila, wanda yake cikin waɗanda suka yi aikin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Janar Yakubu Gowon a makarantar da ke ɗauke da wannan suna a Wusasa ya yi karatun farko. Yaro ya dafa bangon nan da hannunsa, ya ga sunansa a rubuce, zai fi masa dogon bayani.

Kafin nan, ki zauna da shi ku karanta Yahaya 21. Bayan gicciye da tashi, almajirai 7 suna bakin Tekun Tibariya. Bitrus ya ce za shi su, suka ce mu ma za mu. Ki nuna masa jerin sunayen a aya ta 2, ya ga wanda ke kusa da wa: Toma, sai Nata'ala. Wanda ya ce in bai ga gurbin ƙusoshi ba ba zai yarda ba, da wanda ya ce ba abin kirki a Nazarat, kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya. Shaidar Nata'ala ce ta rufe surar farko ta Bisharar, ta Toma kuma, "Ubangijina da Allahna", tana dab da ƙarshenta. Nata'ala mutumin tudu ne, Kana ba ta bakin ruwa, amma ya shiga jirgin ya kwana yana jan taru tare da 'yan'uwansa ba su kama komai ba. Da gari ya waye, wani a bakin gaɓa ya ce su jefa ta dama, suka jawo manyan kifi 153. Suka fito suka tarar da garwashi, da kifi a kai, da gurasa. Yahaya ya ce a cikinsu ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarsa ko shi wane ne, don sun sani Ubangiji ne. Mai tambayar "A ina ka san ni?" yana cikin waɗanda suka zauna shiru suka miƙa hannu aka ba su gurasa.

Daga nan ku juya zuwa Ayyukan Manzanni 1:13-14, inda sunan ya fito na ƙarshe. Bene ne a Urushalima, manzanni 11, da mata, da Maryamu uwar Yesu, da 'yan'uwansa, mutanen Nazarat ɗin nan, duk suna nacewa ga addu'a da zuciya ɗaya. Ki bar Babangida ya bi jerin da yatsa har ya kai na bakwai, ya karanta sunan da bakinsa.